Sarki Goma, Zamani Goma: Me Ke Wuyanmu Idan Sashe Ya Yi Sabon Shugaba?

Akwai wata 'yar gajeriyar wasiƙa da kan faɗo cikin akwatin imel ɗin ɗalibai a jami'o'in Birtaniya lokaci zuwa lokaci, wadda ba ta wuce layi biyar ko shida. Za a ce ana godiya ga Farfesa wane bisa hidimar da ya yi wa sashe, kuma daga farkon sabuwar shekarar karatu Farfesa wance ce za ta karɓi ragama. Ɗalibai 'yan ƙasa da yawa ko buɗe ta ba sa yi. Amma mu da muka tsallako teku, muka baro iyaye da iyali, wasunmu ma sai da aka sayar da fili ko gona kafin a haɗa kuɗin makaranta, irin wannan wasiƙa takan sa gabanmu ya faɗi. Nan da nan sai mutum ya fara lissafi: aikin koyarwar da aka ce za a ba ni a zango mai zuwa yana nan kuwa? Kuɗin zuwa taron ƙara wa juna sani fa? Shin sabon nan yana shiri da malamin da ke duba aikina?

Waɗannan tambayoyi ne na abin kai wa baka, kuma babu laifi a yi su. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai wata tambaya ta ɗabi'a wadda ita nake so mu tattauna a wannan fitowa: idan kujera ta sauya mai zama, me ke wuyanmu game da wanda ya sauka, me ke wuyanmu game da wanda ya hau, kuma ina ne iyakar sauyin da ya kamata mutum ya yi wa kansa? A tawa fahimtar, biyayyarmu ta kujera ce da aikin da ya tara mu. Wanda ya sauka yana bin mu bashin amana da zumunci, wanda ya hau kuwa yana bin mu bashin adalci da faɗin gaskiya. Fadanci dai babu wanda ke bin mu bashinsa.

Kujerar karɓa-karɓa

Bari mu fara da fahimtar ita kanta kujerar. A yawancin jami'o'in Birtaniya shugabancin sashe wa'adi gare shi, galibi shekara uku zuwa biyar. Akan ɗauko shugaban daga cikin manyan malaman sashen, wani lokaci kuma daga wata jami'ar, in ya gama sai ya koma ofishinsa ya ci gaba da koyarwa da bincike kamar kowa. Malamai da dama ma gudun kujerar suke yi, domin tana cinye lokacin bincike. Abin da ke hannun shugaban shi ne rabon aiki tsakanin malamai, da kasafin kuɗin sashe, da yawan sa'o'in koyarwar da za a ba ɗaliban digiri na uku, da ɗakuna da teburan aiki, da makamantansu. Amma ba shi ne zai yanke hukunci a kan kundin bincikenka ba. Wannan aikin masu jarrabawa ne, ɗaya daga cikin gida, ɗaya daga wata jami'a, waɗanda za su zauna da kai su yi maka tambayoyi baki da baki.

To me ya sa abin ya fi damunmu fiye da 'yan ƙasa? Dalili a fili yake. Kuɗin makarantarmu ya ninka nasu. Bizar karatu ba ta yarje mana aiki fiye da sa'a 20 a mako ba a lokacin zango, saboda haka 'yan sa'o'in koyarwar nan su ne kuɗin haya ga wasunmu. Ita kanta bizar tana da ranar ƙarewa, don haka jinkirin wata shida da ɗan ƙasa zai ɗauka a matsayin ɓacin rai kawai, mu yana iya zame mana asarar dubban fam. Wanda ke tsaye a kan ƙafa ɗaya, ai ko iska ce ta kaɗa sai ya ji.

Kayan da muka taho da su daga gida

Ban da tufafi da yaji da daddawa, akwai wani kaya da muka taho da shi wanda jami'an kwastan ba sa gani, wato yadda muka fahimci shugabanci. Masanin nan M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan tsarin mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, ya nuna yadda sarauta ke zagayawa tsakanin gidajen sarauta, da yadda sabon sarki kan tuɓe masu muƙaman da ya tarar ya naɗa danginsa da barorinsa. A irin wannan tsari na barantaka, arzikinka a ɗaure yake da na ubangidanka: in ya hau ka hau, in ya faɗi ka faɗi. Daga nan ne masu iya magana suka ce sarki goma, zamani goma. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a gida ya san wannan tunani bai mutu ba.

Shi ya sa idan aka yi sabon shugaban sashe, ɗalibinmu yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Na farko shi ne fadanci. Sai ka ga mutum ya fara zarya a ƙofar ofis, yana yabon duk abin da sabon ya faɗa, har yana ɗan soka wa tsohon magana don a san ya sauya sheƙa. Na biyu shi ne ƙauracewa. Shi wannan ya riga ya yanke hukunci cewa sabon maƙiyin ubangidansa ne, don haka ba ya zuwa taro, ba ya amsa gayyata, sai gunaguni a ɗakin shan shayi. Da mai fadancin da mai gunagunin kuskure ɗaya suka yi, duk da kowa na ganin ya fi ɗan'uwansa: sun ɗauka mutum suke yi wa aiki.

Bajamushen masanin zamantakewa Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa halaccin mulki gida uku. Akwai wanda ake bi saboda gado da al'ada, akwai wanda ake bi saboda kwarjini da baiwarsa, akwai kuma wanda ake bi saboda doka ce ta ɗora shi a kan ofis. A kashi na ukun, ana yi wa ofishin biyayya ne gwargwadon abin da doka ta ba shi, ba ƙari ba ragi. Shugaban sashe a jami'a ɗan kashi na uku ne. Ba na cewa babu son kai ko ɓangaranci a jami'o'in Turawa, akwai su kamar ko'ina. Amma ginshiƙin da aka kafa kujerar a kai rubutacciyar doka ce, kuma duk ɗalibin da ya gane haka ya huta da rabin fargabarsa.

Amarya a ɗakin marigayiya

Akwai wani bincike da ya kamata kowa ya sani kafin ya yanke wa sabon shugaba hukunci. A 1954 Ba'amurken masani Alvin Gouldner ya wallafa nazarin da ya yi a wata masana'antar haƙo jifsam, wato farin dutsen nan da ake yin allunan bango da shi. Tsohon manajan wurin mutum ne mai sassauci. Yakan kau da kai ga makara, yakan bar ma'aikata su ɗauki kayan kamfani su yi gyara a gida, kuma ba ya saurin korar mutum. Da ya rasu aka kawo sabo daga waje, sai sabon ya fara aiki da takarda da doka tsantsa. Ma'aikata suka tsane shi, suka riƙa tuna alherin marigayin suna mance aibinsa. Gouldner ya raɗa wa wannan hali sunan Rebecca, daga wani littafin ƙagaggen labari na Daphne du Maurier na 1938, inda amarya ta tare a gidan da matar farko ta rasu, ta tarar kowa da marigayiya yake auna ta. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin mun san abin da amarya ke sha a gidan da uwargida ta bar 'ya'ya da suna.

Darasi biyu nake so mu ɗauka. Na ɗaya, Gouldner ya lura cewa sabon manajan ya rungumi doka ne saboda ba shi da mutane a wurin, ga shi kuma na sama da shi sun matsa masa lamba a kan ya gyara. Wanda bai san kowa ba, takarda ce sandarsa. Saboda haka idan sabuwar shugabar sashenku ta ce daga yau duk mai son kuɗin tafiya taro sai ya cika fom, wannan ba hujja ba ce cewa ba ta da tausayi. Mu da muka san zafin baƙunta ya kamata mu fi kowa gane halin wanda ya zo wuri bai san ƙofofinsa ba.

Na biyun ya fi ɗaci. Sassaucin tsohon shugaba, wa yake amfana? Wanda ya san ƙofar ofishinsa, wanda ya iya hira da shi, wanda malaminsa abokinsa ne. Idan kana cikin waɗannan, to, zamaninsa ya yi maka daɗi. Amma ka tambayi kanka, ya ɗan'uwa, ɗalibai nawa ne ba su taɓa jin cewa akwai kuɗin ba, saboda ba a taɓa sanarwa ba? Sau da yawa baƙo ne wanda ba ya jin irin wannan labari, domin ba ya zuwa mashayar da ake hirar bayan an tashi aiki. Fom ɗin nan da muke jin haushinsa shi ne ke sa ɗan Damagaram da ɗan Manchesta su tsaya a layi ɗaya.

Alkawarin wa?

A nan ne gizo ke saƙar. Mu ɗauka tsohon shugaba ya ce wa ɗalibi, a tsaye a bakin ƙofa, kada ya damu, badi za a ba shi ajin da zai koyar. Ɗalibin ya dogara da wannan magana, ya ƙi karɓar wani aikin, ya kama hayar ɗaki na shekara guda. Sabon shugaba ya zo ya ce bai san zancen ba, kuma kuɗi babu. Wa ke da gaskiya?

Mu a wurinmu alkawari kaya ne, kuma wanda ya gaji gida ya gaji bashin da ke kansa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin lokacin da tsohon ya yi maganar, a matsayinsa na shugaba ya yi ta, kuma da ba ya kan kujerar da babu wanda zai dogara da ita. Amma sabon ma yana da tasa hujjar. Idan duk abin da wanda ya gabace shi ya furta a bakin ƙofa ya zama tilas a kansa, to, an ɗaure masa hannu da igiyar da ba ya gani, kuma an zalunci sauran ɗaliban da ba su sami damar tsayawa a bakin ƙofar ba.

A ganina mafita ita ce a raba alkawari gida biyu. Akwai alkawarin kujera, wato wanda ya bi ta hanyar da doka ta tanada, aka rubuta shi a takardar ɗaukar ɗalibi ko ta tallafin karatu ko littafin ƙa'idojin sashe. Wannan yana kan jami'a ko wa ya hau. Tun 2015 hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya ta fayyace wa jami'o'i cewa dokar kare haƙƙin mai saye ta shafi dangantakarsu da ɗalibai. A Ingila da Wales kuma akwai ofishin mai shiga tsakani mai zaman kansa, wanda aka fi sani da OIA, da ke sauraron koken ɗalibai a ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 2004. Sharaɗinsa shi ne sai ka gama bin matakan koke na cikin jami'arka, kuma ba ya tsoma baki a hukuncin da ya shafi ingancin aikin ilimi, kamar makin jarrabawa.

Akwai kuma alkawarin mutum, wato kyakkyawar niyyar da aka furta ba tare da ta bi ta ko'ina ba. Wannan ba ya ɗaure sabon shugaba ta fuskar doka, amma ba a ce ya zubar da shi a kwandon shara ba. Shugaba mai adalci zai tambaya ko ɗalibin ya yi asara saboda dogaro da maganar, ya kuma nemi hanyar rage masa asarar. Shi kuma wanda ya yi alkawarin, saukarsa daga kujera ba ta sauke masa nauyi ba, wajibinsa ne ya taka ya je ya shaida cewa lallai ya faɗa. Namu darasin kuwa mai sauƙi ne: duk maganar da rayuwarka za ta rataya a kanta, ka bi ta da 'yar wasiƙar godiya mai maimaita abin da aka ce. Wannan ba rashin yarda da babba ba ne, kare mutuncinsa ne da naka.

Adalci kuma ya ce mu duba aljihun da sabon ya gada. An daskarar da kuɗin makarantar ɗalibai 'yan ƙasa a Ingila a kan fam 9,250 tun daga 2017, sai a 2025 aka ɗaga shi zuwa fam 9,535, alhali tsadar komai ta yi ta hawa. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalansu, ga kuma faɗuwar darajar naira tun 2023, sai yawan masu zuwa daga Nijeriya ya ragu ƙwarai. Jami'o'i da dama sun shiga giɓin kasafi, wasu sun rage ma'aikata, wasu sun haɗe sassa. Idan shugaba ya ce babu, mai yiwuwa ne da gaske babu ɗin.

Fita, magana, ko shiru

To idan sabon ya zo da abin da muke ganin kuskure ne fa? Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya rubuta a 1970 cewa idan al'amura suka taɓarɓare a wata ma'aikata, mutane ko dai su fice ko su ɗaga murya, kuma ƙaunar wurin ce kan sa mutum ya zaɓi magana a kan ficewa. Abin sha'awa, a ƙasarmu ya samo tunanin. Ya lura cewa jirgin ƙasan Nijeriya bai gyaru ba duk da gasar manyan motoci wajen jigilar gyaɗa daga Arewa zuwa bakin teku, saboda waɗanda ke da bakin yin ƙorafi sun koma motoci, gwamnati kuma tana cike giɓin asara, don haka babu wanda ya tilasta gyara.

Haka sashe yake. Shahararren malami in ransa ya ɓaci sai ya koma wata jami'a. Mu kuwa ƙofar fita a ƙuntace take, domin bizarmu a ɗaure take da jami'ar da ta ɗauke mu, ga shekarun da muka riga muka zuba a bincike. Abin da ya rage mana shi ne magana, kuma a nan ne tarbiyyarmu kan riƙe mana harshe. An koya mana cewa yaro ba ya ja da babba, ba ya haɗa ido da shi. Sai dai a nan shirunka amincewa ake ɗaukarsa, kuma za a rubuta a rahoton taro cewa babu wanda ya yi ƙorafi.

Marigayi Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe da aka buga a 1974, ya jero siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci da adalci. Ka lura, kunya da gaskiya a jeri ɗaya suke, babu wadda aka ce ta kori 'yar'uwarta. Kunya ita ke zaɓa maka kalmomi da lokaci da wuri, amma ba ta da ikon hana ka faɗin abin da ke akwai. Mun kuma ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ma'ana shugaban da duk na kusa da shi suka ɓoye masa gaskiya dole ya yi ɓarna ko da niyyarsa fari ce tas. Saboda haka ka nemi ganawa, ka gabatar da kanka da aikinka a taƙaice, ka faɗi yadda sabon tsarin ya shafe ka da lissafi, ka tambayi dalili kafin ka zargi niyya. In abin ya shafi jama'a, a bi ta hannun wakilin ɗalibai a kwamitin malamai da ɗalibai, domin abin da aka faɗa a can yana shiga rubutu. In ya faskara, ƙungiyar ɗaliban jami'a tana da ofishin ba da shawara kyauta.

Inda rawa ba ta sauyawa

An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma gaskiya ne a kan abubuwa da yawa. Ranar taro, yadda ake neman kuɗi, ɗakin da za ka zauna, har ma fannin da sashe zai fi mai da hankali a kai, duk waɗannan haƙƙin shugaba ne ya sauya, namu kuma mu bi ko da ba mu so, tare da ba shi lokaci ya zauna daram kafin mu auna shi. Amma akwai abin da ba ya bin kiɗa. Idan aka nuna maka cewa kusanci da sabon yana buƙatar ka daina gaida tsohon, ko ka kai gulmar malaminka, ko ka sa sunan wanda bai yi aiki ba a kan maƙalarka, ko ka karkata sakamakon bincikenka don ya dace da ra'ayin wani, to, nan ba maganar sabawa da sabon shugaba ake yi ba, maganar sayar da kai ake yi. Wanda ya taimake ka lokacin da yake da iko, ranar da ya sauka ce ranar da gaisuwarka ta fi daraja a wurinsa. Shi kansa sabon, in mai hankali ne, yana kallon yadda ka yi da na jiya, don ya san nan da shekara uku ko biyar shi ne na jiyan.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu tuna cewa da yawa daga cikinmu gida za mu koma, kuma wata rana a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Yamai, sunan waninmu ne zai fito a irin waccan wasiƙa. A ranar akwai ɗalibin da gabansa zai faɗi, akwai alkawuran da za a tarar a kan tebur, akwai kuma masu zarya a ƙofa ɗauke da labarin wanda ya sauka. Abin da muka koya a nan muna ƙasa, shi za mu aikata muna sama. Wanda ya hau, ya fara da tambayar abin da aka riga aka alkawarta wa na ƙasa da shi, ya rubuta ƙa'idojinsa kowa ya gani, ya kuma fi sakin fuska ga mai kawo masa gyara a kan mai kawo masa yabo.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, ya maishe mu gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.